Sa Hannuna Sau Bakwai a Gidan Tsofaffi

Litinin, 4 ga Maris 1985, bayan la'asar

Yau na sa hannu a takardar gwamnati sau bakwai. Da bik, alƙalami sosai, ba da babban yatsa ba. Na ce sai na rubuta wannan tun daɗin bai huce ba.

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce hannun da ba ya rubutu kullum mantuwa yake yi, shi ya sa na sayi wannan kaye, littafin rubutu. Ta ce kuma a shafin farko mutum ya faɗi ko shi wane ne. To, sunana Balki, Bagobira ce, ina zaune a unguwar Kalley ta Yamai da maigidana Tanimu, tela. Sai da na wuce shekara arba'in na san baƙi. Ni ce mai dahuwa a gidan tsofaffi na wajen Bobiel, inda gari ya ƙare. Gidan na gwamnati ne, bara aka buɗe shi saboda tsofaffin da fari ya koro Yamai. Amma Alhaji Halidu ɗan kwangila ne ke riƙe da shi, shi ke kawo hatsi da itace da sabulu, shi ya ɗauke ni aiki. Gwamnati ta ajiye ma'aikaciyar jinya guda ta zama idonta, tana duba tsofaffi, tana aika rahoto biro, wato ofishin gwamnati, kowane wata. Kowa Majo yake ce mata, laƙabin babbar mai jinya ke nan. Ɗiyata ce ta fari. Ba na faɗin sunanta, ba kuma zan rubuta shi ba. Da suka laƙa mata Majo sun hutar da ni.

Da hantsi wani mai bincike ya zo daga biro, Mushe Mumuni (Mushe kamar Malam ne a Faransanci), matashi mai tabarau. Majo ta tafi karɓo magani, Alhaji bai iso ba. Ya duba ɗakuna, ya leƙa tukunyata, ya ɗanɗani kunu ya ce ya yi. Sannan ya fito da wata sabuwar takarda, ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko suna da ɗan'uwa a Yamai. Na cikin ɗaki suka yi shiru, ya ja layi ya wuce. Amma akwai bakwai da ke zama kullum a inuwar bedi, itacen dogon yaro, kusa da murhuna, su ba su san shiru ba.

Inna Kadi, mutuniyar Adar, ita ya fara tambaya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yaro, na yi maka kama da wadda ba ta da kowa? Ga ɗiyata can tana tuƙa tuwo." Ta nuno ni da sandarta.

Me zan ce? Tsohuwa ta kira ki ɗiya gaban baƙo, ki ce ba haka ba ne? Na ce haka ne.

Sauran shida ba su yarda a bar su a baya ba. Malam Shu'aibu ya ce ni ɗiyar ƙanensa ce. Baba Musa, Bafillace, wanda Hausa ma ba ta gama zama bakinsa ba, ya ce ni jikarsa ce. Tsofaffin mata uku na ɗakin gabas suka ce su gwaggonnina ne. Baba Sumana kuwa, Bazabarme, taubashina, ya ce ni matarsa ce da ta yi yaji. Aka yi dariya har da Mushe, ya rubuta suruka.

Ya miƙo mini tawada in dangwala yatsa. Na goge hannuna a zane na ce, Mushe, ba ni bik. Ya dube ni. Na rubuta Balki, ya juya shafi, na rubuta Balki. Na bakwai ya fi duka kyau. Inna Kadi ta yi guɗa.

Majo ta dawo da azahar. Na tura mata tuwo da miyar kuka, ta cinye.

Talata, 5 ga Maris, da yamma

Majo ta ga kwafin takardar a kan teburinta. Ta daɗe tana karantawa, alhali ita mai saurin karatu ce. Ba ta ce mini komai ba. Da ma ba mu cika magana kai tsaye ba, ni da ita, kunya ce tun tana ƙarama. Na tura mata tuwo.

Ba ta ci ba.

Laraba, 6 ga Maris, bayan azahar

Alhaji Halidu ya zo yana zufa, hularsa a hannu. Ya kira ni bayan ɗakin ajiya ya tambaye ni ko na san abin da na sa wa hannu. Na ce sunana na rubuta. Ya ce abin da ke saman sunan fa? Na ce Faransanci ne, ba a koya mana shi ba.

Sai ya bayyana mini. Gidan nan na waɗanda ba su da kowa ne. Duk wanda takarda ta nuna yana da ɗan'uwa a gari, za a miƙa shi ga ɗan'uwan, a ba wani gadonsa. In ɗan'uwan ba shi da wuri, a kai shi sansanin ƴan gudun fari na bayan gari, inda mutane ke kwana ƙarƙashin tabarmi. Ranar Litinin 25 ga wata kamiyo, babbar motar kaya, zai zo ɗaukar mutum bakwai.

Ya ƙara da wata magana a kan Majo. Rahotonta na kowane wata yana cewa bakwai ɗin nan ba su da kowa, yanzu ga takarda ta ce dangin uwarta ne. Ya ce in auna da kaina yadda soja, mai mulkin ƙasa, zai karanta wannan. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

Na wanke tukwane. Na sake wanke su.

Alhamis, 7 ga Maris, da safe kafin in fita

Na gaya wa Tanimu jiya bayan magariba. Ya ajiye almakashi ya dubi ɗakinmu ɗaya, da keken ɗinki, da randa. Ya ce shi ba ya jin wurin kwana, abin da yake ji gwiwoyinsa ne: surukai bakwai, kowane sai an durƙusa an gaishe shi da safe, yaushe zai buɗe shago? Na yi dariya har na share ido. Ya ce in ta kama, ya fitar da keken waje, mu kwantar da mata huɗu. Maza ukun ne bai san inda zai sa ba.

Juma'a, 8 ga Maris, da azahar

An kira Majo biro tun safe.

Juma'a, bayan la'asar

Ta dawo. Da ƙafarta ta dawo, ba a tsare ta ba, Alhamdu lillahi. Ta sha ruwa kawai.

Asabar, 9 ga Maris, da yamma

Tsofaffi ba su san komai ba tukuna. Tun ranar takarda suka ɗauki zumuntar da gaske. Malam Shu'aibu ya ce tunda ni ɗiyar ƙanensa ce, a ƙara masa ƙanzo. Gwaggonnina uku sun zauna sun tsefe mini kai sun yi mini kitso, suna gardama a kan wadda na biyo a hanci. Baba Sumana ya aiko a gaya mini ya yafe yajin, in koma ɗakina. Na ce a gaya masa Bagobira ba ta komawa gidan da ba a san yaji a miya ba. Ya ce shi ya sa Gobirawa duk fuskarsu a tsattsage, barkono ne ya fasa ta.

Na yi dariya wuni guda. Sannan na ƙirga kwanakin da suka rage kamiyo ya zo: goma sha shida.

Litinin, 11 ga Maris, bayan la'asar

Na je biro da kaina. Na ɗaura zanen salla, na shiga taksi. Sojan bakin ƙofa ya tambaye ni wurin wa na zo, na nuna masa takardar da na rubuta sunan Mushe Mumuni a kai. Ya bar ni na wuce. Wannan ma na ji daɗinsa.

Na ce wa Mushe ƙarya na yi, ba ni da dangantaka da ko ɗaya, ya hukunta ni ni kaɗai. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma tun ranar bai yi barci ba, don shi ya cika takardar, kuma ta riga ta hau sama, wurin wani kaftin da ke kula da gidajen taimako. Ya ce a nan bakin mutum ba ya kashe takarda, sai wata takardar. Kowane tsoho ya furta gaban shaida cewa ba shi da kowa, a rubuta, ya dangwala. Shi ke nan.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Har na sayo ƙosai a hanya na raba.

Talata, 12 ga Maris, da yamma

Ba mai sauƙi ba ne.

Alhaji ya tara su bakwai a inuwar bedi, ya gaya musu maganar kamiyo, ya ce kowa ya ce "ba ni da kowa" ya dangwala, a wuce wurin. Ya ce kalma huɗu ce, ko aku ya faɗe ta.

Babu wanda ya motsa. Malam Shu'aibu ya ci gaba da jan carbi. Baba Musa ya juya fuska ga bango. Baba Sumana, mai bakin nan, ya sunkuyar da kai.

Inna Kadi ce ta yi magana. Ta ce, "Alhaji, ciki tara na haifa. A garinmu in na yi atishawa mutum talatin ke amsa mini. Yau in sa yatsana a takarda in ce daga ƙasa na tsiro? Kawo kamiyonka."

Alhaji ya ce mata sansani babu inuwa, babu magani, ga zafi ya shigo. Ta ce ta sani, daga can aka kawo ta.

Ya jefa hula a kai ya tafi. A bakin ƙofa na ji yana cewa da ya sani da kwangilar tubali ya karɓa, tubali ba ya da zuciya.

Laraba, 13 ga Maris

Saura kwana goma sha biyu. Na tura wa Majo abinci. Ba ta ci ba.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan la'asar

Ina durƙushe ina goge gindin babbar tukunya da toka, Inna Kadi ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce zan huda tukunyar. Na ce na jawo musu wahala da son nuna rubutu. Ta ce ita ta fara, in bar mata laifinta, kada in ƙwace.

Can sai ta fara lissafa ƴaƴanta, ba da ni take ba, da kanta take. Na fari, wanda ba ta faɗi sunansa ba, ƙyanda. Na biyu ya rayu har ya yi gemu, farin shekarun baya ya ɗauke shi da matarsa. Tagwaye. Wanda ya tafi arewa neman aiki, shekara tara babu labari. Tana faɗa tana lanƙwasa yatsu. Ta zo kan autarta Aisa, ta ce a tashar Konni suka rabu bara, mota ta cika, aka ce wata na tafe. Ba ta ce ta mutu ba. Ta ce Allah ya san inda take.

Kayena na cikin kwando. Na wanke hannu na ce, Inna, sake faɗa a hankali.

Ta ce me zan yi da shi? Na ce ba zan rubuta ba ki da kowa ba. Zan rubuta waɗanda kike da su, kowa da inda ya tafi. Wanda ya karanta ya gane da kansa.

Ta ce, "To fara da ubana. Sarkin rafi ne, kada ki manta da wannan."

Shafi uku muka ci. Ta dangwala a ƙasa, ta danna da ƙarfi har tawada ta fito bayan takarda.

Juma'a, 15 ga Maris, da yamma

Labari ya zaga. Da na iso da safe na tarar da layi a bakin murhu. Malam Shu'aibu ya ce shi ne namiji babba, shi za a fara. Ya kai ni har kakan kakansa da ya je Makka a ƙasa. Na ce Malam, gwamnati na kusa take tambaya. Ya ce gwamnati ta yi haƙuri, ba a shiga gida ta taga.

Gwaggonni uku sun zo tare, kowace tana gyara wa ƴar'uwarta labari alhali ba gari ɗaya suka fito ba. An yi kuka kaɗan. An fi yin dariya. Ɗaya ta tuna mijinta da ya gudu daga kura ya bar ta da jaki, ta ce in rubuta, Allah ya jiƙansa, amma in rubuta.

Tuwon rana ya makara, babu wanda ya yi ƙorafi.

Asabar, 16 ga Maris, bayan azahar

Baba Musa ya ba ni mutum shida, sannan ya ce saura shanu. Na ce Baba, takardar dangi ce. Ya ce to su mene ne? Ya fara kiran sunayensu, kowace da launinta da uwarta da rijiyar da ta faɗi a kai. Arba'in da ɗaya. Yana kira yana ɗaga murya kamar za su amsa daga bayan katanga. Sunayen Fillanci ne, na rubuta yadda kunnena ya ji. Ban bar ko ɗaya ba.

Baba Sumana ya zo a ƙarshe. Mata huɗu, ƴaƴa goma sha ɗaya, ƙauye guda a Zarmaganda da yanzu babu hayaƙi a cikinsa. Bai yi wasa ko sau ɗaya ba sai da ya dangwala. Sannan ya ce in ƙara ta biyar, Bagobira, mai ƙona miya. Na ce wannan ce ta kawo mu nan, ba zan ƙara ba.

Litinin, 18 ga Maris, bayan la'asar

Biro ba ya karɓar Hausa ita kaɗai, sai da Faransanci a gefe. Na ajiye kayen a kan teburin Majo jiya, na sa ƴar takarda a ciki: A duba, in ya yi.

Yau ta fito da teburinta inuwar bedi, ta zauna, ta ajiye wata kujera a gefe ba ta ce ta wane ne ba. Na zauna. Tana juya rubutun zuwa Faransanci, in ta kasa gane hannuna sai ta ce, Baba Sumana, a tambayi mai dahuwa wannan kalmar mece ce. Ni kuma in ce, Baba, a gaya wa Majo sunan saniya ne. Kafaɗarmu na taɓa juna. Baba Sumana ya ce tunda yake bai taɓa yin tafinta tsakanin Hausa da Hausa ba, kuma sai an ba shi hula da kaki.

Da ta zo shafin Inna Kadi ta tsaya ta fyace hanci. Da ta zo shanu ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun ranar takarda.

Da ta gama ta ce, "Baba, a gaya mata hannunta ya fi na wasu sakatarori da na sani."

Baba ya ce ba zai faɗa ba, kai zai kumbura mini. Na tashi na shiga ɗakin ajiya na daɗe ina gyara buhunan da ba su buƙatar gyara.

Majo ta ci rabin tuwonta.

Talata, 19 ga Maris, da azahar

Alhaji da Majo sun kai takardun biro. Mushe ya karɓa, ya ce ba irin takardar da aka nema ba ce, amma zai hau da ita sama da hannunsa. Saura kwana shida.

Laraba, 20 ga Maris

Shiru.

Alhamis, 21 ga Maris, kafin magariba

Mushe ya zo da kansa a kan babur. Kaftin ya karanta duka. Wai ya tambaya wa ya sa shanu a rahoton gwamnati, aka gaya masa, ya ce ubansa ma makiyayi ne. Amma ya ce soja ba ya yarda da magana sai ya gwada ta. Za a karanta sunayen bakwai ɗin a radiyo kwana uku, da garuruwansu da sunayen waɗanda suka ɓata. An ɗage kamiyo zuwa Litinin 1 ga Afrilu. Wanda aka zo nema, ya bi danginsa. Wanda ba a zo ba, takardar farko ta mutu, gadonsa nasa ne, rahoton Majo kuma ya tabbata gaskiya.

Na tambayi Mushe to me za mu roƙa, a zo ko kada a zo? Ya ce wannan ba ya cikin aikinsa.

Juma'a, 22 ga Maris, bayan la'asar

Alhaji ya kawo babbar radiyonsa ya ɗora a kan turmi. Duk gidan ya fito, har waɗanda ba sa tashi aka ɗauko su da tabarminsu. Gwaggonni sun sa tozali. Malam Shu'aibu ya naɗa rawani, wai za a ambaci kakansa.

Aka yi labarai, aka yi maganar jar dawa ta taimako, aka yi sanarwar rasuwa biyu. Sannan mai magana ya ce: Kadi, ɗiyar sarkin rafi, daga ƙasar Adar. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Ni ce." Kamar muna musu.

Kowane suna aka kira sai guɗa. Baba Sumana ya miƙe tsaye da aka zo kansa, ya sara wa radiyo. Baba Musa ya jira shanunsa, ba a karanta ba, ya ce radiyon gwamnati rowa gare ta. Waɗanda suka yi shiru ranar bincike yanzu suna ƙorafi, wai su ma a rubuta nasu, don me bakwai kaɗai za su yi suna a ƙasa.

Na zauna a bayan kowa. Kalmomin da na rubuta da hannuna a bakin murhu, su ne ke fitowa daga akwatin nan, har Agadas ana ji, har Diffa. Mai karantawa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tanimu ya ce a bakin kasuwa ya tsayar da keke ya gaya wa kowa matarsa ce ta rubuta.

Lahadi, 24 ga Maris, da yamma

An gama kwana uku na radiyo. Yanzu sai jira.

Talata, 26 ga Maris, da azahar

Baba Sumana ya sa babbar rigarsa ya zauna a bakin ƙofa tun safe. Ya ce iska yake sha. Babu iska.

Laraba, 27 ga Maris

Ba kowa. Na ce Alhamdu lillahi, sannan na ga rigar Baba a bakin ƙofa na ji kunyar abin da na ce.

Alhamis, 28 ga Maris, bayan la'asar

Na kai wa Baba Sumana fura can bakin ƙofar. Ya sha ya ce ta yi tsami kamar halin Gobirawa. Na ce ya shigo, rana ta yi yawa. Ya ce gobe. Na zauna tare da shi muna kallon hanya har inuwa ta juya.

Juma'a, 29 ga Maris, bayan la'asar

Bari in rubuta tun daga farko.

Wajen ƙarfe goma wata mace ta tsaya a ƙofa da goyo, siririya, ƙafafunta fari fat da tafiya. Ta yi wa Baba Sumana sallama ta ce nan ne gidan da aka faɗa a radiyo? Ya dube ta da kyau, ya ga ba tasa ba ce. Duk da haka shi ya riƙo hannunta ya shigo da ita, yana kira tun daga nesa, ina mutuniyar Adar, fito ki ga abin da na tsinto miki.

Inna Kadi na tsince wake a faifai. Ta ɗaga kai. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye faifan a hankali don kada waken ya zube, ta ce, "Aisa, motar ta zo ke nan?"

Aisa ta faɗi a kan ƙafafun uwarta.

Wata goma sha ɗaya suna gari ɗaya. Mijin Aisa na aikin jima a unguwar Gamkalley, suna da ɗaki da rumfa. Ta nemi uwarta a sansani sau uku aka ce an ɗauke ta, ta zaci ɗaukar gawa ake nufi. Maƙwabciyarta ce ta ji sanarwar, ba ta tabbata ba, sai jiya ta faɗa.

Alhaji ya aika aka yanko kaji huɗu, shi da ke auna man gyaɗa da cokali. Gwaggonni suka kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa. Majo ta ɗauki jaririn ta auna shi ta duba idonsa, aiki dai ba ya barinta, sannan ta goya shi ta ci gaba da zagayen magani da shi a baya. Na dafa, na raba, na yi rawa, ni da ban yi rawa ba tun bikin Majo.

Inna za ta tafi ran Talata. Haka doka ta ce, haka ita ma take so. Daidai ne. Na yi murna ƙwarai.

Asabar, 30 ga Maris

Na yi murna ƙwarai.

Litinin, 1 ga Afrilu, bayan azahar

Kamiyo bai zo ba. Mushe ne ya zo da takarda da tampo, hatimin gwamnati. Ya karanta a tsaye: mutum shida, gadonsu nasu ne. Rahoton ma'aikaciyar jinya daidai yake, an rufe maganar. Ya buga tampo sau shida a kan teburin Majo, kowane bugu Malam Shu'aibu na cewa amin.

Ya ce kuma kaftin ya ba da umarni, daga yau duk wanda za a kawo gidan nan a rubuta mutanensa kamar yadda aka yi, a haɗa da rahoton wata. Ya ajiye sabon kaye mai baƙin bango. Alhaji ya ce to wa zai tuƙa masa tuwo in mai dahuwa ta zama sakatare? Mushe ya ce wannan matsalar ɗan kwangila ce.

Baba Sumana ya cire babbar riga ya ninke, ya dawo inuwar bedi ya ce kujerar ƙofa ta ci masa baya.

Majo ta ci kwano biyu. Ta nemi ƙanzo.

Talata, 2 ga Afrilu, kafin magariba

Na ɗaure wa Inna kayanta. Ba su da yawa. Na raka su har bakin titi, na tsayar da taksi, na gaya wa Aisa ba ta son gishiri da yawa, kuma kununta da ɗumi ba da zafi ba. Aisa ta ce ta sani. Ai kuwa ta sani.

Gamkalley ba nisa. Tanimu ya ce taksi biyu ne.

Da la'asar aka kawo wata tsohuwa daga sansani a ba ta gadon. Ƙarama ce kamar yarinya, ta ƙanƙame wata ƴar jaka, ba ta duban kowa. Alhaji ya ce tun da aka ɗauko ta ba ta ce uffan ba, ko sunanta ba a sani ba. Na ba ta kunu, na bar ta ta sha. Sannan na ɗauko sabon kayen na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce, Inna, ruwan garinku daɗi gare shi?

Ta sassauta riƙon jakar. Sai ta faɗi sunan rijiyar garinsu. Sai wanda ya haƙa ta, kakanta ne. Sai ubanta, sai mijinta, sai ƴaƴa. Muna kan ɗa na huɗu bik ɗina ya ƙare. Na girgiza shi, na hura, ya ƙi.

Na ce ta riƙe mini sauran zuwa gobe. Ta ce in zo da wuri, suna da yawa.